Dogwud Tara a Gidan Anti Lim

Ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma babur ɗin ya tsaya a ƙofar gida. Na riƙe lokacin ne saboda ina tsugune a bayan gida ina rubuta zafin ƙasar tukunya ta uku, kuma ban taɓa rubuta awo ba tare da na sa lokaci a gefensa ba. Littafin yana nan wurina har yau. A layin wannan ranar akwai wani dogon ja da biro ya yi, daidai sa'ad da aka doki ƙofar ƙarfe da hular kwano.

Kwana tara ke nan da fara kullen korona a Kuala Lumpur, ni kuwa shekara ɗaya da rabi da barin Kura. Digiri na biyu nake yi a fannin lambu, da tallafin gwamnati. Ɗaki ɗaya na kama a ƙasan wani gida a Sri Petaling, na wata tsohuwa Basiniya da mijinta ya rasu, duk layin Anti Lim ake ce mata. Tsakanina da ita gaisuwa ce safe da yamma. Ni dama ba mai magana ba ce. A aji ma in tambaya ta taso mini, rubuta ta nake yi a gefen takarda in je in nemi amsar a littafi.

Aikina a kan wata bishiyar ado ne da ake kira dogwud, ta ƙasashen sanyi irin su Japan da Koriya. Tana fure fari mai kunnuwa huɗu, ta yi 'ya'ya ja masu ƙuraje-ƙuraje, girman kanya, an ce cikinsu laushi ne kamar gwandar daji. Ban taɓa ganin babbarta ba sai a hoto, balle in ɗanɗana. Malamata so take a gano ko ƙananan za su jure zafin nan in an yi musu inuwa. Ta ba ni ƙwallaye sittin. Ƙwallon ba ya tsirowa sai ya ji sanyin ƙasarsu ya wuce, don haka sai an ruɗe shi: wata huɗu suka yi a firij cikin jiƙaƙƙen yashi, kullum ina leƙa su. Tara suka tsira suka rayu. Na ɗaura wa kowace lamba a wuya.

Ana gobe kulle malamata ta ce in kwashe su, don za a rufe ɗakin gwaji a kashe na'urori. Ta gaya mini gaskiya a tsaye a bakin ƙofa. In ko ɗaya ta kai watan Agusta da rai, da cikakken awonta, zan rubuta in kare aikina. In babu, sai a koma firij, shekara guda ke nan kuma. Tallafina kuwa a Disamba zai ƙare, ba ƙari. Na shiga jirgin ƙasan cikin gari, LRT, da kwali biyu, ina kare su da jikina daga masu turereniyar sayayya. Anti Lim ta dubi kwalayen, ta dube ni, ta ce boleh, wato ba komai, ta nuna mini ƙarƙashin rumfar bayan gida. Kullum da safe ina jera musu kwalaben ƙanƙara a gindi, sau uku a rana ina awo. Tsawonsu bai wuce taƙi ba.

Mai babur ɗin ɗan Anti Lim ne, Ah Keong, ya haura arba'in. A gidan giya yake aiki a cikin gari, kulle ya rufe wurin, matarsa kuma ta rufe masa ƙofa. Ya zagayo bayan gida ya tarar da ni da rula a hannu. Bai amsa gaisuwata ba. Ya juya ya tambayi uwarsa da Turanci, don in ji, yaushe ta fara kiwon 'yan Afirka.

A rana ta uku ya fara dukanta. Da azahar ne, a kan kwalaben giyarsa da ta ɓoye. Ɗakina yana kallon kicin, taku huɗu tsakani. Na ga ya kama gashinta ya buga kanta da ƙofar firij, sau biyu, har kwalaben ƙanƙarata suka zube a ciki. Ba ta yi ihu ba, wani irin sauti kawai take yi ta hanci. Na tura ƙofata a hankali na murza makulli. Na zauna a bakin gado da littafin awo a cinya, ina ta duban lamba ɗaya, har ƙarar ta tsaya.

Na kira Maman Hanif, matar wani malami ɗan Zariya da ke zaune a Sentul, ita ce uwar ɗakinmu mu 'yan mata ɗalibai. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni fasfona yana ina. Na ce yana ofishin makaranta, an karɓa za a sabunta biza kulle ya rutsa da shi.

"To, Sakina, ki rufe bakinki ki rufe ƙofarki," in ji ta. "Kin dai ji yadda ake tare baƙi ana tambayar takardu. Kya kira 'yan sanda su zo su ga baƙar fata ba fasfo, wa kike jin za su fara ɗauka? Uwa da ɗa ne, gobe za ki ga sun shirya, ke a bar ki a tsakiya."

Na bi maganarta. Na koyi takunsa a matakala, na san lokacin da zan fita awo da lokacin da zan ɓuya. Kusan duk bayan kwana uku sai an fasa wani abu a gidan: faranti, fanka, hoton mahaifinsa. Anti Lim ta fara sa riga mai dogon hannu a cikin wannan zafin.

Azumi ya same ni a haka. Ban taɓa buɗa-baki ni kaɗai ba sai a wannan shekarar. In na sha ruwa, a Kura rana ce tsaka, Inna ba ta ma jiƙa tsamiyar kunu ba, ba wanda zan kira in ce a sha ruwa lafiya ya ce mini tare muka sha. A rana ta biyu na buɗe ƙofa gab da magariba na tarar da leda rataye a hannun ƙofar, roti biyu, irin gurasarsu, da miyar wake, tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, daga shagon mamak, Indiyawa Musulmi, na bakin titi. Anti Lim ta san ba na cin abin tukunyarta, shi ya sa take sa takunkumi ta taka har can da ciwon gwiwarta. Kullum ledar tana nan. Ba ta taɓa tsayawa in gode mata ba, ni ma ban taɓa bin ta ba.

Ana nan Ah Keong ya ce zai fara kiwon kifin ado ya riƙa sayarwa ta waya, yana son bayan gida. Ranar bai sha ba, har da murmushi. Ya ce in matsar da tukwanena lungu ɗaya kusa da magudana, shi kuma ya yi alkawari ba zai taɓa su ba. Ya miƙo hannu mu yi musafaha, na sunkuyar da kai, ya yi dariya ya ce ashe hannunsa ma ƙazanta ne. Na matsar da su. Lungun ya fi zafi, sai na ƙara ƙanƙara.

Ran sha biyu ga azumi, ƙarfe biyu da rabi na rana, kifayen suka taso ruwa ciki sama. Ruwan famfo ya zuba musu kai tsaye, ko ni da ban san kifi ba na san ba a yin haka. Amma ya ce maganin da nake fesa wa ciyayina ne ya kashe su. Ban taɓa fesa komai ba. Lamba shida tana hannuna a lokacin, ina ƙirga ganyenta.

Ya ɗauko rodin da ake tokare ƙofar baya. Tukunya ta ɗaya ta fashe kamar an harba bindiga, ƙasa ta fantsamo mini har cikin ido. Bai yi sauri ba. Ɗaya bayan ɗaya yake bi, in ya fasa sai ya sa takalmi ya murje. Wata huɗu na firij, wata biyar na awo, ina tsaye ina ƙirga su a zuciyata suna tafiya. Anti Lim ta fito da gudu ta riƙe masa riga ta baya. Ya kai mata gwiwar hannu a baki ba tare da ya waiwaya ba, ta faɗi zaune a cikin ruwan kifin, haƙorinta ɗaya a kan siminti.

Ya juyo kaina ya ce in ajiye ta hannuna. Har yau ban san yadda aka yi ba, ni dai na tsinci kaina a durƙushe, na kifa cikina a kan tukunyar, hannuna na hagu a bayan kaina. Dukan farko a yatsu ya sauka. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Na biyu a kafaɗa, ya danna ni ƙasa har tukunyar ta tsage a ƙarƙashina, wani ɓallin ya yanke ni a ciki ta cikin hijabi. Na ji ɗumin jini, na ji warin giya a wuyana. Ya tura mini wayarsa a fuska, yana magana da lah ɗin nan da mutanen garin ke ƙarasa zance da shi.

"Kira 'yan sanda lah. Ga lambar, ni zan danna miki. Mu ga wa zai kwana a can."

Wani maƙwabci Ba'indiye ne ya fara dukan shingen kwano yana kiran sunansa da ƙarfi. Ah Keong ya jefar da rodin, ya tofa yawu, na ji babur ya tashi.

Anti Lim ta rarrafo inda nake, bakinta duk jini. Abin da ta fara cewa shi ne kada in kira kowa, ɗanta ne, shi kaɗai gare ta. Ta kawo tsinken cin abincinsu biyu ta ɗaure mini yatsun da filasta, ta wanke mini yankan. Daga nan ta ɗauki tsintsiya ta share bayan gidan tas, ƙasa da ɓallin tukwane da 'ya'yana takwas, duk ta tattara a bokiti ɗaya ta shige da shi. Da yamma ya dawo. Ta kafar ƙofata na ga ta zuba masa shinkafa, har tana tura masa kwanon miya kusa. Daga wannan lokacin na tsane ta, fiye ma da yadda na tsane shi.

Amma kafin yamman sai da na yi wa lamba shida wuri, don saiwarta a waje take. Ba tukunya, shagunan shuka a rufe, ɗakina kuma ba haske. Na zaɓi wata 'yar ƙasa a gaban gida, jikin shinge, ƙarƙashin bishiyar lemon Anti, inda duk mai leƙowa ta taga a layin zai gani. Na lura ba ya dukan kowa a inda ake ganinsa. Kaina ya ƙi aiki, sai na kira Baba. Shekara talatin yana dashen mangwaro da gwaba a Kura, duk abin da na sani game da ƙasa kafin in san littafi a gindinsa na koya. Safiya ce a can, ina jin ƙarar injin ban-ruwa a bayansa. Ban gaya masa maganar hannu ba. Na ce tukunya ce ta faɗi.

"Uwata, kwantar da hankalinki," ya ce. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. "Haƙa rami ya kai gwiwar hannu. Ki sa ta ƙasa-ƙasa, ki bar mata kwari kewaye da gindi, ki ɗaga bakin da ƙasa yadda in kin zuba ruwa ba zai gudu ba. Ƙishi ne ke kashe sabon dashe."

Na ce, "Baba, nan fa ana ruwa."

Ya yi dariya. "Mu ma ai ana yi mana, Uwata. Ko kin manta?"

Da hannu ɗaya da cokalin miya na haƙa, bakina da azumi. Ina cikin gyara bakin kwarin Anti Lim ta fito da ƙanƙara a leɓe. Ta tsaya a kaina. Da ƙyar maganarta ke fita, amma ta fita sarai: in cike ramin, in tara ƙasa ta yi tudu, in dasa a sama, domin a garin nan ruwa ne ke kashe shuka. Ta nuna mini gindin lemonta, a kan tudu yake.

Na ce, "To, Anti."

Haka aka koya mana a gida. Babba ba a yi masa musu, sai ka ce to, in ya wuce ka ci gaba da abin da kake yi. Ta wuce, na ci gaba. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne na san maganar tata. Tana cikin littattafaina, na ja mata layi da jan biro a wuri uku: dogwud ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Da Turanci na san wannan. Hannuna kuwa aikin Baba ya sani, kuma a ranar ba na jin zan karɓi ko ruwan sha daga matar da ta share mini wata tara da tsintsiya.

Washegari na je wani ƙaramin asibiti da katin makaranta, na ce faɗuwa na yi. Likitan ya dubi kafaɗar ya dube ni, ya naɗe yatsun.

Lokacin ruwan yamma ne. Kusan kullum wajen ƙarfe huɗu sama za ta yi baƙi, a yi tsawa kamar za a tsaga gini, a zubo ruwa na awa guda. Kwarina ya cika fal. Ƙasan wurin jar laka ce, ba ta shanyewa, sai ruwan ya kwana ya wayi gari. In na leƙo na gan shi sai in ji daɗi, in ce ta sha ta ƙoshi. A kwana na shida ganyen ya fara langaɓewa. A Kura in ganye ya langaɓe ruwa yake nema, don haka na ƙara mata da safe, ga kwalaben ƙanƙara suna naso a gindi. Duk na rubuta, da lokaci, da adadin kofi. Ban taɓa yin awo mai tsafta kamar na waɗannan kwanakin ba.

Sau biyu Anti Lim ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na farko na ce karatu nake yi. Na biyu na yi shiru har ta tafi. Ledar roti ba ta fasa zuwa ba, ina ɗauka ina ci, ba godiya. Ah Keong kuwa ya fasa talabijin, wata rana da hantsi ya yi ta harbin ƙofata da ƙafa har ƙusar sama ta fita. Na jawo tebur na tokare, a haka nake kwana.

Ranar Sallah na yi raka'a biyu a ɗaki, na sa atamfar da Inna ta ɗinka mini tun kafin in taho, na fita gaban gida da rula. Ganye na ƙarshe yana yawo a kan ruwan kwarin. Na kama karan da yatsu biyu don in duba, sai ya biyo hannuna ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya, tana warin kwata. Na tsuguna a nan cikin sabuwar atamfa ina kallon ramin da na haƙa, da bakinsa da na gyara da kyau don kada ɗigo ɗaya ya tsere. Rodi bai same ta ba. Na karya yatsu biyu na cece ta, sannan na nutsar da ita a hankali, kwana goma sha tara, da kofi.

Da rana na kira gida barka da Sallah. Baba ya karɓi wayar ya ce ya jikarsa, ta kama ƙasa? Na ce tana nan, Baba. Ya ce ai ya gaya mini.

Na zauna na rubuta wa malamata wasiƙa, gajera, cewa babu ko ɗaya. A ƙa'idar aikinmu duk shukar da ta mutu sai an ajiye lambar wuyanta an manna a littafi. Ta shida kaɗai ke hannuna. Na san ba wanda zai tambaye ni sauran, amma ba zan iya rufe littafi da gurbi takwas ba. Wannan ne kawai ya fitar da ni daga ɗaki.

Ah Keong yana barci a doguwar kujerar falo, baki buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Anti Lim tana kicin tana yanka albasa. Na tsaya a bayanta, wannan ce tambaya ta farko da na taɓa yi mata tun da na shigo gidan. Na ce, a hankali, ina ta zubar da bokitin nan, lambobin nake so.

Ta ajiye wuƙar ta goge hannu. Ta zaro makulli daga zaren da ke wuyanta, ta ɗora yatsa a leɓe, ta yi gaba. Muka wuce ta gefen ƙafarsa a kan yatsunmu. Ban taɓa hawa saman gidan ba. Kwaɗo biyu ne a ƙofar ɗakinta.

Sanyi ne ya fara dukana. Iyakwandishan yana ta aiki, ga rigar sanyi da safa a kan gado, ga man zafin da take shafa wa gwiwa. A bakin tagar gabas, bayan wani siririn labule, gwangwanayen biskit uku ne a kan bulo, an huda gindinsu da ƙusa, ruwa yana ɗiga a faranti. Kwalbar ƙanƙara a jikin kowanne, yadda nake yi. Lamba biyu, lamba biyar, lamba takwas. An ɗaure karan takwas da tsinken cin abinci da filasta, ɗauri iri ɗaya da wanda ta yi wa yatsuna. Lamba biyar ta fitar da sabon ganye, guda biyu, ƙanana, masu sheƙi.

Na juyo na ce me ya sa ba ta gaya mini ba.

Ta tura ƙofar ta jingina da ita, tana kasa kunne ƙasa. Sannan ta dube ni, da gurbin haƙorin nan a bakinta.

"Sau biyu na zo, na farko kika ce karatu kike yi, na biyu ba ki buɗe ba. In na faɗa a kicin, shi zai ji. In na faɗa miki a waje, za ki ce to, Anti. Na gane wannan to ɗin naki." Ta nuna gwangwanayen da haɓa. "Sauran biyar ɗin sun mutu, lambobinsu suna cikin aljihun tebur. Je ki ɗauko littafinki lah, ki taka a hankali. Kwana goma sha tara ba wanda ya auna su."